Tulun da Baƙin Rini Bai Rufe Ba

Ranar bukin 'yancin kai da ta wuce, ina zaune bakin kaskon kaki, Rabi ta miƙo mini waya har kusa da hanci. Rabi ita ce babba cikin 'yan matan da ke koyon rini a gidana yanzu. Ta ce, "Inna, dubi. Shafin da muke tambayar komai ya sa kayan buki."

Na duba. Ni ban san baƙi ba, ban taɓa zama lakwal na yi boko ba, amma na san siffa. Sunan nan da nake hangowa kullum a wayoyinku yana nan yadda yake, sai dai an ɗauki ɗaya daga cikin baƙaƙen nan masu zagaye an maishe shi rana, an rataya masa tutar ƙasa. Rabi ta ce haka suke yi, ranar sallah da adonta, ranar tunawa da wani babban mutum da nata, gobe su tuɓe su koma yadda suke. Sai ƙanwarta Hassana ta yi tsaki ta ce, "Ai wanga aikin banza ne. Zane ɗaya, kwana ɗaya. Ko ni sai in yi."

Na ce ta ajiye wayar ta gyara mini wuta.

Shekara arba'in da wani abu ke nan ina wannan aikin da kuke kira na banza, aikin yi wa rana ado. Bambancina da masu shafin can ɗaya ne. Su gobe su tuɓe. Ni abin da na buga a zane yana bayan mace har zanen ya mutu. Akwai wanda na buga ya ci gonar wani gida a Jiratawa. Shi zan ba ku, amma sai kun fara jin yadda ake aikin, don ku gane inda na yi ɓarna.

Aikin farko da Iya Hurera ta ba ni shi ne fid da kaki. Iya Hurera ƙanwar kakata ce, a unguwar Mokoyo nan Maraɗi take zaune, ta koyo bugun kaki ne wajen matan yamma lokacin da mijinta ke fatauci can. An kai ni wajenta ban isa ɗaura zane da kyau ba. Ga yadda aikin yake: a narka kaki, a tsoma tambarin icce a ciki, a buga a kan farar shadda. Inda kaki ya zauna, rini ba ya shiga. A tsoma zanen a galura, ya sha launi, sannan a tafasa shi don kakin ya fita, zanen tambarin ya fito fari tas. Tafasar nan ita ce aikina shekara uku cur. Ban taɓa tambari ba, ko da wasa.

Iya tana tafasa zane sau uku, kowane da sabon ruwa. Ta ce ruwan farko yana ɗauke kakin da ido ke gani, na biyu wanda yatsa ke ji, na uku wanda ya shige cikin zare ya kwanta. Wata rana na gaji, ruwa na nesa, iccen ya ƙare, na tafasa sau biyu na shanya. Iya ta gani. Da zanen ya bushe ta kira ni, ta tsoma yatsa a moɗa ta ɗiga ruwa a kan farin. Ruwan ya tsaya kamar ƙwai, bai shige ba.

"Ke yarinya, mi kika gani?"

Na ce, "Ruwa, Iya."

"Ina ya tafi?"

"Bai tafi ba."

"To ke za ki tafi. Tashi ki ɗebo."

Na yi sawu shida a rijiya ranar, na sake tafasa zane goma sha ɗaya. Bayan hannuna na dama har yau da tabon tururin wannan rana. Ku duba, ga shi nan.

Tambari kuwa na iccen aduwa ne, wanda ake allo da shi, don ba ya tsagewa a zafi. Baba Nomau ke sassaƙa mana, wani tsoho mai ido ɗaya da ke zama ƙarƙashin iccen bedi a kasuwar Tibiri. Iya takan zana masa abin da take so a ƙasa da tsinke, ya duba sau ɗaya ya shafe da ƙafa, mako na zagayowa a zo a karɓa. Tambari sabo ba a aiki da shi nan da nan, sai ya kwana bakwai cikin kaki ya ƙoshi. Zafin kaki kuma da hanci ake gane shi. In ya yi sanyi ba ya ratsa zare, in ya wuce ya malale, zanen ya yi gemu. Tsakanin biyun nan ɗan lokaci ne kaɗan, kuma cikinsa za ki buga sau ɗari biyu a jere, hannu bai karkace ba, layi bai hau layi ba. Ga soda mai cin fata, ga hodar nan mai wari da ke sa galura ta kama, wadda ta kashe mini hanci yanzu ko daddawa ba na ji sosai. In an gama a sa sitati da ƙaro, a kai wa masu bugu su daka shi a kan gungume har ya yi walƙiya.

Tambarin gidanmu zobe uku ne a jere, sun sarƙe da juna. Duk Maraɗi in aka ga zobe uku a zane an san na Iya Hurera ne. In rana ta musamman ta zo, sai a yi wa zoben tsakiya ado. Ƙaramar sallah ya zama jinjirin wata. Bukin 'yancin kai ya zama rana, da ɗan ganye a ƙasanta saboda dashen itatuwan da ake yi ranar. Bukin aure a gidan wani attajiri ya zama ƙwarya. Na gefe biyun nan ba a taɓa su. Iya ta ce in kika sauya duka uku ba a san na wane ne ba, in ba ki sauya ko ɗaya ba ba a san wace rana ce ba.

Zane na farko da ta bar ni na fitar da kaina na babbar sallah ne. Na ce zoben tsakiya zai zama ƙahon rago a naɗe. Na zana wa Baba Nomau a ƙasa, ya duba ya ce, "Ɗiyata, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Da na buga na rina na shanya, Iya ta zagaya igiyar sau biyu, hannu a baya.

"Tsahara, sallar dodon koɗi ce bana?"

Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Zane huɗu ne, na matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan. Ta zo ta gani ta ce ko baiwarta ba za ta ɗaura ba. Na koyi abu ɗaya a nan: abin da ke cikin kanki ba shi mai kallo ke gani ba, kuma daga nesa ake kallon zane, ba daga kusa ba. Tun daga ranar duk sabon tambari sai na buga a ƙyalle, na rataya a ƙarshen tsakar gida, na kira wadda ba ta san komai ba in ce ta faɗi abin da ta gani.

Akwai kuma sanin abin da rana take nufi ga mutane. Shekarar babbar yunwa, wata ƙungiyar matan manyan ma'aikata ta zo tana son anko na bukin ƙasa, zoben tsakiya ya zama zangarniyar gero. A lokacin mutanen karkara na kwance bakin tasha, yara na bin bayan kamiyo, manyan motocin hatsi, suna tsintar tsaba. Iya ta saurare su har suka gama, ta naɗe shaddarsu ta miƙa musu. Ta ce, "Ku kai wani wuri. Ba ni buga gero a bayan ƙosasshe bana." Ba su ƙara dawowa ba, kuma su ne manyan masu kawo mana aiki. Ba ta taɓa ambaton maganar ba har ta rasu. Da ta rasu kwandon tambura ya zo hannuna, guda talatin da wani abu, har da na ainihi, zobe uku ba ado, wanda ya yi baƙi ƙirin saboda shan kaki.

Na koma unguwar Zariya da aure, na ci gaba. Sai zamanin jam'iyyu ya shigo. Ku da aka haifa cikinsa ba za ku gane ba. Da can launi launi ne. Mace ta zo ta ce kore take so don yana yi wa fatarta kyau, shi ke nan. Da aka buɗe siyasa kowane launi ya sami mai shi. Ki rina kore a ce ke ta su wane ce, ki rina rawaya maƙwabciyarki ta daina gaishe ki. Na ga ya da ƙanwa sun yi wata uku ba sa magana saboda launin ɗankwali. Ranakun buki kuma suka yawaita, ga ranar mata da aka samu sabuwa, ga ranar kafa wannan, ga cikar shekarar wancan. Daga baya aka karya darajar kuɗin sefa, galura da soda suka yi tashin da ba a taɓa gani ba, ma'aikata suna wata da watanni ba albashi, yau yajin aiki gobe yajin aiki. Matan malaman lakwal da na likita, waɗanda ke ɗinka sabo kowace sallah, suka koma juya tsofaffi. Masu kawo aiki suka rage 'yan siyasa kaɗai. Na yi wa kowa, ban zaɓa ba. Ranar zaɓe ma ban fita ba, ina da tukunya a wuta.

Hajiya Zinatu ta zo mini ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi. Ita ce shugabar matan wata ƙaramar jam'iyya a Jiratawa, mace mai jiki da haƙorin makka, muryarta ta fi lasifika. Ba zan faɗi sunan jam'iyyar ba, ta mutu tuni. Alamarta tulu ce. Ta zo da farar shadda ta mata ashirin da huɗu, kowace ta sayi nata da guminta, matan manoman fadama ne masu albasa da tattasai. Za su yi bukin cikar shekarar jam'iyyar bayan sallah. Ta ce kore take so, zoben tsakiya ya zama tulu, babba, yadda za a hango shi daga bakin hanya.

Tare da ita akwai wata 'yar siririya mai ɗauke da ƙunshin a ka, sunanta Mariyama, matar wani manomi da ake ce wa Illa. Tana ajiye kayan ta matso ta ce mini a hankali, "Yaya, nawa ne mai ɗan jan zare a baki. Don Allah ki yi mini shi da kyau. Tun na aurena ban sayi sabo ba."

Na yi shi da kyau. Baba Nomau ya riga ya rasu, ɗansa ya sassaƙa tulun, har da wuya da ɗan baki. Na buga, na rina, ya fito kamar a sha ruwa a ciki. Na tafasa sau ɗaya don in ga yadda ya fito, na shanya, na ce sauran tafasa biyun sai an kusa, tunda da sauran lokaci. Na naɗe na ajiye a ɗaka, na kama aikin sallah.

Cikin azumin nan sojoji suka karɓi mulki. Radiyo ta ce an dakatar da jam'iyyu. Kwana biyu tsakani sai ga Hajiya Zinatu, ba mota ba 'yan rakiya, ta ja mayafi har goshi, muryar nan ta koma kamar ta mai mura.

"Tsahara, kayan nan na nan?"

Na ce suna nan.

"Kar in ga tulun ga. Ki rufe shi. Ki maishe su baƙi wuluk, in mayar wa mata abinsu su yi sallah da shi. Ba mu yi da ke ba, ba ki san ni ba."

Rufe zane da baƙi aiki ne da na sani. Amma da sharaɗi. Sai kaki ya fita ƙarƙaf, don in da saura cikin zare, baƙin zai hau sama ne kawai ya zauna, bai shiga ba. Na san wannan tun ina yarinya, da tabona. To amma sallah saura kwana tara, aikin mutane jibge, azumi a baki, icce ya yi tsada, masu bugu sun ce wanda bai kawo kafin Alhamis ba sai bayan sallah. Na ɗauko zane ɗaya na shafa farin da yatsa, ban ji kaki ba. Ban ɗiga ruwa ba. Moɗa na nan kusa da ƙafata, ban ɗiga ba. Na haɗa baƙi mai kauri na tsoma su sau biyu, na sa sitati da ƙaro, masu bugu suka daka. Suka dawo suna ƙyalli kamar bayan hankaka. Na ɗaga ɗaya na duba a ƙofar ɗaki, cikin inuwa, ban ga tulu ba. Kamar yadda na saba da kowane aiki, na yanke ɗan ƙyalle daga rarar na jefa a kwando. Aka zo aka ɗauka.

Suka yi ƙaramar sallah da shi, suka wanke. Suka je suna da buki, suka wanke. Suka yi babbar sallah, suka wanke. Zane baƙi a ɗaki mai duhu, wa zai tsaya dubawa? In ma wata ta ga ya fara dusashewa, sai ta ce halin baƙi ne.

Cikin bazara wani babba daga cikin sababbin masu mulki ya zo rangadi Tibiri. Aka aika ƙauyuka a fito tarbo, aka turo kamiyo Jiratawa aka kwashi mata, aka ce kowace ta sa mafi kyan kayanta. Bakwai daga cikinsu mafi kyan kayansu shi ne baƙin nan. Da yake ƙawaye ne, suka tsaya wuri ɗaya a bakin hanya. Rana ta take tsaka. Ni ban je ba, amma waɗanda suka je sun ce daga tsallaken titi kana ganin tulu ashirin-ashirin a jikin kowace, toka-toka a kan baƙi, da zobe biyu a gefe. Su da ke cikin zanen ba su gani ba, suna ta tafi da guɗa. Hajiya Zinatu kuwa tana can ƙarƙashin rumfar manya cikin farin leshi, ta riga ta koma wancan ɓangare.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, wani mutum ya yi sallama a ƙofata, ƙafafunsa duk laka busasshiya. Ya ce shi ne Illa, mijin Mariyama.

"Hajiya, an tafi da su Mariyama tun ranar tarbo. Su bakwai. Ana cewa shiri suka yi, baƙi don makoki, tulu don tsokana. An ce su faɗi wanda ya sa su."

Na ce, "Sun ce mi?"

"Mi za su ce? Mariyama ko sunan shugaban jam'iyyar ba ta sani ba. An ce anko, ta yi anko." Ya share fuska da hula. "Kuma masu rabon filin fadama sun aiko. Sun ce in maganar ta tabbata, su ba su iya barin fili a hannun gidan da ya zagi gwamnati. Tattasaina ya fara fure, Hajiya. Ɗiya biyar gare mu. Ba ni da wata gona ko ta tudu."

Na tambaye shi ko an ambaci sunana. Ya ce ba a ambata ba tukuna, matan sun ce a kasuwa suka saya. Maigidana yana zaure yana ji. Da Illa ya fita ya ce mini, "Tunda sun rufa miki asiri, ki zauna." Na ce ya ba ni izinin fita. Da ƙyar ya ce in tafi.

Washegari da sassafe na ɗauki daro, da sabulun salo, da tulun ruwa, da ƙyallen nan da na yanke, wanda ruwa bai taɓa shi ba tun bugu. Na je gidan da ake tsare da su. Sojojin bakin ƙofa suka yi ta dariya, ɗaya ya ce, "Madam, nan ba gidan wanki ba ne." Na ce wurin kumandan na zo, ni ce mai zobe uku. Dariyar ta tsaya.

Kumandan ɗin saurayi ne, da ƙyar zai girme ni. Ya fito baranda ya tsaya. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa ƙyallen.

"Ranka shi daɗe, mi ka gani?"

Ya juya shi ya ce, "Baƙin ƙyalle."

"Ka ɗaga a rana."

Ya ɗaga. "Baƙi ne. Ina maganar take?"

"Haka suka karɓe shi a hannuna. Ka ba ni wuri a tsakar gidan ga, ka sa a tsaya a kaina."

Na wanke shi da sabulu na cuɗa, na shimfiɗa a rana ya bushe. Na sake. Wankin farko sitati ya fita. Na biyu ƙyallin ya mutu. Na uku ba a ga komai ba, sai wanda aka sa tsarona ya ce, "Madam, in asiri kike yi ki faɗa mini in matsa." Rana ta yi zafi, ba wanda ya ba ni inuwa. Ta wata 'yar taga ina jin tarin mace. Wanki na huɗu, da ya bushe, wuyan tulun ya fara leƙowa. Na biyar, wajen la'asar, ga shi nan zaune tsakanin zobe biyu.

Aka kira kumandan. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Na gaya masa komai, yadda aka kawo aikin kafin azumi, yadda aka ce in rufe, tafasa biyun da ban yi ba. Ya ce wa ya kawo aikin. Na ce mata ne suka haɗa, ni masu zane na sani.

"To ke kika buga tulun."

"Ni na buga, ranka shi daɗe. Sa'ad da na buga ba laifi ba ne. Laifina ban tafasa ba."

"Da mi kika buga?"

Na ce da tambarin icce. Ya ce yana ina. Na ce yana gida. Ya sa aka bi ni a mota aka ɗauko, ba na tulun kaɗai ba, kwandon duka. Na ce masa sauran na sallah ne da na buki, akwai na uwargijiyata a ciki. Ya ce shi bai san wanne zai zama laifi gobe ba. Aka zube su a bakin ƙofa inda masu gadi ke dafa shayi. Iccen da ya sha kaki shekara arba'in ba ya bukatar hura. Ina tsaye suka ɗora buta.

Kafin magariba aka fito da matan. Suna cikin zanen nan har lokacin, kwana huɗu. Suka wuce ta gabana ɗaya bayan ɗaya. Wata ta tofar da yawu kusa da ƙafata. Mariyama ba ta dube ni ba, tana riƙe da bango.

Na zaci maganar ta ƙare a nan. Ashe masu rabon fili ba su jira ba. Tun kwana na uku, don kar a ce sun yi sanyi, suka cire sunayen mazajen bakwai suka ba wasu filayensu. Da gaskiya ta fito, shida suka sami masu tsaya musu, wannan ɗan'uwansa na aiki a fada, wancan surukin Hajiya Zinatu ne, aka maido musu. Filin Illa kuwa ya faɗa hannun wani mai ƙarfi, kuma Illa ba shi da kowa. Na je wajen Hajiya Zinatu sau uku. Na farko aka ce tana barci, na biyu aka ce ta tafi Yamai, na uku ta fito da kanta ta ce, "Baiwar Allah, daga ina?" Na je wajen masu rabon, suka ce sai an yi taro. Wanda aka ba filin ya tsinke tattasan da Illa ya shuka ya kai kasuwa.

Na yi wata biyar ban kunna wuta ba, ba tambari, ba mai kawo aiki. Da sanyi ya shigo na sayi farar shadda mai kyau, na rina ta shuɗi lafiyayye ba ado ko ɗaya, na kai bugu, na naɗe na hau mota zuwa Jiratawa. A gidansu wata tsohuwa ta ce Illa ya tafi cirani Kano, Mariyama tana fadama. Ta kwatanta mini filin.

Na bi bakin kwalbatin ruwa har na kai. Mata huɗu na dashen albasa a jere, ƙwadago suke yi wa mai filin. Ban tambayi wace ce ita ba. Tun daga nesa na ga tulu a bayanta, yanzu ya fito sarai, baƙin ya koma ruwan toka.

Na yi sallama. Ta ɗago, hannunta cike da dashe.

"Yaya, ke ce? Sannu da hanya."

Na ce, "Wanga shi ne filin naku?"

"Shi ne. Na san inda ruwa ke kwanciya, shi ya sa ya ɗauke ni."

Na warware ƙunshin na nuna mata. Na ce na kawo mata wannan ne, ta ba ni wancan in tafi da shi. Ta goge hannu a cinya, ta taɓa bakin shaddar da yatsa biyu, ta daɗe tana murzawa. Sannan ta saki.

"Yana da kyau. Ki kai wa mai zuwa buki."

Na ce, "To ki tuɓe wannan ko don kar a sake ganin ki da shi."

Ta waiwaya ta dubi kafaɗarta, kamar mai duba ƙuda.

"A gani mana. Mi ya rage su karɓa?"

Mai filin ya ɗaga murya daga kan kunya, ya ce rana na yi, ba hira ya ɗauke su ba. Ta sunkuya ta ci gaba da dasawa.